Kundin Aiki: Rage Ƙararrawar Ƙarya ta Na'urorin Sa Ido a Sashen Kulawa ta Musamman

13 ga Janairu, 2025

An buɗe wannan kundi ne domin a riƙa rubuta inda aka kwana a aikin da muka sa a gaba, wato rage yawan ƙararrawar da na'urorin sa ido kan marasa lafiya suke kaɗawa ba bisa gaskiya ba a sashen kulawa ta musamman. Aikin ɓangare biyu ne. Na farko a kan kwamfuta yake, inda za a rubuta manhajar da za ta sake duba kowace ƙararrawar bugun zuciya ta yanke ko ta gaskiya ce ko ta ƙarya. Na biyu a bakin gado yake, tare da ma'aikatan jinya na wani sashe da suka amince mu riƙa zama da su muna ganin yadda ake manna wayoyin na'ura a jikin mara lafiya da yadda ake saita iyakokinta. Ɓangaren manhaja a hannuna yake, kuma ni zan riƙa cika kundin.

Girman matsalar ba a ɓoye yake ba. A 2014 Barbara Drew da abokan aikinta na Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko sun wallafa ƙididdigar da suka yi a sassa biyar na kulawa ta musamman masu gadaje 77. Cikin kwana 31 na'urorin sun fitar da ƙararrawa 2,558,760 a kan marasa lafiya 461, kuma waɗanda ake ji da kunne kaɗai sun kai 187 a kowane gado kowace rana. Da ƙwararru suka zauna suka bi ƙararrawa 12,671 ta rikicewar bugun zuciya ɗaya bayan ɗaya, sai suka tarar kashi 88.8 cikin 100 na ƙarya ne. Ma'aikaciyar da ta taso da sauri sau goma ta tarar sau tara babu komai, ba laifinta ba ne idan ƙafarta ta yi nauyi a karo na gaba. A Afrilun 2013 Joint Commission, hukumar da ke tantance asibitoci a Amurka, ta fitar da gargaɗi cewa tsakanin Janairun 2009 da Yunin 2012 an kai mata rahoton aukuwa 98 masu nasaba da ƙararrawa, kuma 80 daga ciki sun ƙare da mutuwa. Tun daga 2014 kula da ƙararrawa ta shiga cikin manufofin hukumar na kare marasa lafiya.

Masu ƙera na'urorin suna da nasu uzurin. Ƙa'idar da suke bi ta tanadi cewa idan zuciya ta tsaya, dole ƙararrawa ta tashi cikin daƙiƙa 10, kuma a wurinsu gara na'ura ta yi kuka a banza da ta yi shiru a kan mai mutuwa. Saboda haka aka gina ta mai saurin zargi. Aikinmu ba cire mata wannan zargi ba ne, ƙara mata hujja ce kafin ta ɗaga murya.

27 ga Janairu, 2025

Mun tsayar da rumbun bayanan da za mu fara gwaji da shi, wato wanda PhysioNet, ma'ajiyar bayanan awon jikin marasa lafiya a intanet domin masu bincike, ta saki domin gasar 2015 da aka kammala a taron Computing in Cardiology a birnin Nis na Faransa. Yana ɗauke da rikodi 750 na koyo a buɗe, an kuma ɓoye wasu 500 domin jarraba masu gasa. Kowane rikodi minti biyar ne na abin da na'ura ta gani kafin ƙararrawa ta tashi: layuka biyu na ECG, wato zanen lantarkin zuciya, da aƙalla layi ɗaya na bugun jini, ko dai daga na'urar yatsa mai auna iskar oksijin, ko daga siririn bututun da ake sakawa cikin jijiya domin auna hawan jini kai tsaye. Ana ɗaukar awo sau 250 a kowace daƙiƙa. Rabin rikodin suna da ƙarin daƙiƙa 30 bayan ƙararrawar.

Nau'i biyar aka ware, kowanne da ma'anarsa a rubuce. Tsayawar zuciya ita ce a yi daƙiƙa 4 ba a ga bugu ba. Jinkiri mai tsanani shi ne bugu biyar a jere ƙasa da 40 a minti, sauri mai tsanani kuwa bugu 17 a jere sama da 140. Sai saurin da ke tasowa daga ɗakunan ƙasa na zuciya, wanda likitoci ke taƙaitawa da VT, idan an samu bugu biyar ko fiye na ɗakunan ƙasa sama da 100 a minti. Na ƙarshe shi ne karkarwar ɗakunan ƙasa, wato VF, idan zanen ya koma rawa marar tsari na daƙiƙa 4.

Yadda gaskiya da ƙarya suka rabu a cikin 750 ɗin ya fi komai jan hankalina. A tsayawar zuciya 22 ne na gaskiya, 100 na ƙarya. A jinkiri 46 da 43. A sauri mai tsanani 131 na gaskiya, 9 kacal na ƙarya. A VF 6 da 52. A VT 89 na gaskiya, 252 na ƙarya. Wato fiye da rabin dukkan ƙaryar da ke cikin rumbun a VT take, kuma duk wanda bai shawo kan VT ba, bai taɓa zuciyar matsalar ba.

10 ga Fabrairu, 2025

Kafin rubuta layi ɗaya na manhaja na zauna da ma'aunin da gasar ta yi amfani da shi, domin shi ne zai hana mu yaudarar kanmu. Ana tara hukuncin da aka yi daidai, a raba da jimillar hukunci, amma duk ƙararrawar gaskiya da aka kashe ana lissafa ta sau biyar. Idan aka bar dukkan ƙararrawa 750 suna kaɗawa kamar yadda na'ura take yi yanzu, makin shi ne 294 bisa 750, wato 39.2. Idan aka kashe su duka, makin ya faɗi zuwa 23.7. Mafi kyawun sakamako a gasar ya ɗan haura 81 ga masu yanke hukunci nan take, na tawagar Filip Plesinger daga birnin Brno na Jamhuriyar Cek, ya kuma kai kusan 85 ga waɗanda aka bai wa damar jiran daƙiƙa 30.

Wannan lissafi ya riga ya yanke mana shawara ɗaya. A sauri mai tsanani, barin komai yadda yake yana ba da 131 bisa 140, wato 93.6. Ko da manhaja ta kama ƙarya tara ɗin nan gaba ɗaya, muddin ta haɗa da gaskiya biyu, makin ya sauko zuwa 93.2. Ribar ba ta kai haɗarin ba, don haka ba za mu taɓa wannan nau'i ba sai idan hujjar ƙarya ta fito fili ƙarara.

A ganina ninki biyar ɗin ma sassauci ne. Ya dace da gasa, amma babu likitan da zai yarda a musanya masa tsayawar zuciya ɗaya da aka yi shiru a kanta da ƙararrawar banza biyar. A kundin nan zan riƙa rubuta adadin gaskiyar da aka kashe daban, ba zan bari ya narke cikin maki ba.

24 ga Fabrairu, 2025

Ƙa'idar farko ta fara aiki, kuma a kan tsayawar zuciya aka ɗora ta. Tunanin mai sauƙi ne, irin na alƙalin da ba ya yanke hukunci da bakin mutum ɗaya. ECG shaida ne guda, kuma lantarki yake gani. Na'urar yatsa da bututun jijiya shaidu ne na daban, su kuma jini suke gani yana tafiya. Idan ECG ya ce zuciya ta tsaya amma jini yana isa yatsa a kan kari, to ECG ne ya yi kuskure. Ba mu ne muka fara wannan ba. A 2008 Anton Aboukhalil da abokansa sun gwada shi da igiyar hawan jini, wato zanen da bugun jini ke yi a allo, a kan ƙararrawa 5,386 daga wani rumbun bayanan sassan kulawa ta musamman mai suna MIMIC II, suka sauko da yawan ƙarya daga kashi 42.7 zuwa 17.2 cikin 100.

Na daɗe a kan wani rikodi da ya nuna abin a sarari. Layin ECG na farko yana tafiya lafiya, kowane tsinin QRS, wato tsinin da kowane bugun zuciya ke zanawa, a inda ya kamata, sai kwatsam ya yi tsalle zuwa saman allo ya miƙe sambal kamar an ja shi da rula. Layi na biyu ya cika da ƙananan haƙora masu yawa. A ƙasansu kuwa igiyar yatsa ba ta ko girgiza ba: tudu bayan tudu, tazara iri ɗaya, har da ɗan lanƙwasar nan da ke bayan kowane tudu. Zuciyar da ta tsaya da gaske ba ta zana layi mai tsabta haka, akan ga ɗan lilo a cikinsa, kuma igiyar yatsa takan mutu tare da ita cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Wannan waya ce ta saki fata.

Domin gano bugu a ECG mun yi amfani da hanyar Pan da Tompkins ta 1985, wadda har yau ba ta tsufa ba. Manhajar tana duba daƙiƙoƙin ƙarshe kafin ƙararrawa, tana neman tazarar daƙiƙa 4 babu bugu a kowane layi. Layi ɗaya mai inganci da ya musanta ya isa a kashe ƙararrawar. Mafi yawan ƙaryar wannan nau'i ta faɗi da wannan ƙa'ida kaɗai.

5 ga Maris, 2025

Kalmar "mai inganci" a shigarwar da ta gabata ita ce aikin wannan mako gaba ɗaya. Shaida na biyu shi ma yana da ranar da ba a dogara da shi, kuma abin takaicin shi ne ya fi yin rauni a kan waɗanda suka fi rashin lafiya. Na'urar yatsa tana haska haske ja da wanda ido ba ya gani, masu tsawon zango 660 da 940 nanomita, tana auna yadda jinin da ke kai-komo yake shanye su. Idan jini ya janye daga gaɓoɓi saboda sanyi, ko faɗuwar hawan jini, ko magungunan matse jijiya irin su noradrenaline, igiyar takan lafe har ta kusa ɓacewa. Idan madaurin auna hawan jini yana hannu ɗaya da na'urar, duk lokacin da ya kumbura igiyar takan mutu na ɗan lokaci. Bututun jijiya kuwa yakan zana layi miƙaƙƙe ko mai kusurwa huɗu sa'ad da ake ɗibar jini ko wanke shi.

Rashin igiya bai fi ban tsoro ba, domin idan babu shaida ƙararrawa tana kaɗawa kamar da. Abin tsoro shi ne igiyar da ba zuciya ce ta haife ta ba. Hannun da ke karkarwa yana iya zana tudu masu kama da bugun jini. Danna ƙirji lokacin farfaɗo da mara lafiya yana tura jini a kan kari alhali zuciyar a tsaye take. Haka ma famfon balan-balan da ake sakawa a babbar jijiya yana da nasa tasirin a kan zanen. Saboda haka muka ƙara mataki kafin a saurari kowane layi: a duba ko tudun suna kama da juna a siffa, ko tazararsu ta yi daidai da wadda aka gani mintuna kaɗan kafin nan, ko lambobin hawan jinin suna cikin abin da jikin ɗan Adam zai iya. Layin da ya faɗi wannan jarrabawa ba shi da ta cewa. Dokar da muka rubuta a saman manhajar ita ce, duk inda aka yi shakka, ƙararrawa ta tashi.

19 ga Maris, 2025

Makonni biyun nan a sashen na yi su, ba a gaban kwamfuta ba, kuma abin da na gani ya rage mini girman manhajar a ido. Yawancin hargitsin da nake ta fama da shi a rikodi, a kan fata ake haifarsa.

Shugabar ma'aikatan jinya ta ɓare wani faifan manne, irin wanda ke haɗa wayar ECG da fata, daga ƙirjin wani mara lafiya ta miƙo mini. Gefensa ɗaya ya riga ya ɗaga, gashi ya maƙale a danƙon, jel ɗin tsakiya da ya kamata ya zama da danshi ya bushe ya yi ɓawo. Ta wanke wurin da ruwa da sabulu, ta goge da busasshen ƙyalle da ɗan ƙarfi domin matacciyar fata ta fita, ta rage gashin, ta haɗa wayar da sabon faifan tun kafin ta manna shi domin kada dannawa ta watsa jel ɗin, sannan ta danna gefuna ba tsakiya ba. A kan allo, layin da ke ta lilo sama da ƙasa ya zauna, tsinin QRS ya fito dogo. Ta ce ba ta son a goge wurin da barasar asibiti, domin tana busar da fata ta ƙara wa lantarki wahalar wucewa. Duka aikin bai kai minti uku ba.

Akwai bincike a bayan wannan. Maria Cvach da abokan aikinta a asibitin Johns Hopkins sun ruwaito a 2013 cewa sauya faya-fayan manne kowace rana ya rage ƙararrawa da kashi 46 cikin 100 a kowane gado a sassan da suka gwada. Babu ƙa'idar da na rubuta zuwa yanzu da za ta yi alkawarin irin wannan ragi a kan dukkan ƙararrawa. Sashen ya amince a haɗa sauya faifai da lokacin wankan mara lafiya, a kuma daina barin fakiti a buɗe, tunda faifan da ya sha iska a cikin aljihun tebur ya bushe tun kafin ya taɓa fata. Masu siririyar fata, musamman tsofaffi, an bar wa ma'aikaciyar jinya ta yanke, domin ɓarewa kullum tana iya yi musu rauni.

2 ga Afrilu, 2025

Jinkiri mai tsanani bai ba da wahala ba. Ƙaryarsa galibi daga bugun da na'ura ta tsallake take fitowa, idan tsinin QRS gajere ne a layin da take karantawa, sai ta ƙirga ɗaya ta bar ɗaya, 70 ya koma 35. Ƙirga bugu daga igiyar jini yana warware wannan. A sashen kuma maganinsa ya fi sauƙi, wato a sauya wa na'ura layin da tsininsa ya fi tsawo. Masu na'urar daidaita bugu da aka dasa a ƙirji na ware su gefe, domin idan ba a shaida wa na'urar sa ido cewa akwai ta ba, tana iya ƙirga tartsatsinta a matsayin bugun zuciya, wanda kuskure ne ta ɗaya gefen, mai jawo shiru inda ya kamata a yi ƙara.

22 ga Afrilu, 2025

Mako uku ke nan a kan VT, kuma nan ne dabarar shaida na biyu ta kai iyakarta. A tsayawar zuciya tambayar ita ce ko akwai bugun jini ko babu. A VT wannan tambaya ba ta raba gardama, domin mutum yana iya kasancewa cikin VT na gaskiya jininsa yana tafiya, har ma yana magana, kafin abin ya rikiɗe ya zama VF. Ganin tudu a igiyar yatsa ba ya wanke kowa. Aikin Aboukhalil da na ambata ya ci karo da wannan katanga: bai kashe gaskiya ko ɗaya ba a sauran nau'ukan, amma a VT ya kashe kashi 9.4 cikin 100 na ƙararrawar gaskiya.

Ƙaryar VT iri biyu ce, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Iri na farko motsi ne. Goge haƙora, ƙaiƙayi a kusa da faifan manne, bubbuga ƙirji domin majina ta saki, karkarwar sanyi, duk suna iya zana manyan igiyoyi masu faɗi a kan kari, waɗanda ko ƙwararre zai iya ruɗewa da su a kallon farko. Abin da ke tona su shi ne, zuciyar ba ta san ana yi ba. Idan aka auna tazarar bugu kafin hargitsin aka ci gaba da aunawa a cikinsa, sai a ga ƙananan tsini ko ɗan tsagi suna leƙowa daidai inda bugun asali ya kamata ya faɗo, wani a kan tudu, wani a cikin kwari. Igiyar jini ma tana ci gaba da saurinta na da, ba ta bi saurin da ECG yake iƙirari ba. Wannan shi ne abin da na koya wa manhajar: kada ta tambayi ko akwai bugun jini, ta tambayi ko saurinsa da siffarsa sun sauya a daidai lokacin da ECG ya ce wani abu ya faru. A VT na gaskiya tudun jini sukan matso kusa da juna su kuma gajarce, domin zuciya ba ta samun lokacin cika.

Iri na biyu ya fi wuya, domin zanen tsaf yake, babu hargitsi. Mara lafiya ne wanda QRS ɗinsa mai faɗi ne tun asali, saboda toshewar ɗaya daga hanyoyin lantarkin zuciya ko saboda na'urar daidaita bugu. Da zarar bugunsa ya haura 100, saboda zazzaɓi ko zafin ciwo, sai na'ura ta ga faɗi ta ga sauri ta ce VT ne. Binciken Drew ya nuna cewa 'yan tsirarun marasa lafiya irin waɗannan ne suke haifar da kaso mai yawa na ƙaryar. A nan minti biyar ɗin rikodin sun yi amfani, domin manhajar tana gina hoton bugun mutumin na yau da kullum daga mintunan farko, ta gwada shi da bugun da ake zargi. Idan siffa ɗaya ce, sauri kawai ya ƙaru, zargin ya yi rauni.

Duk da haka sakamakon bai gamsar da ni ba. Duk lokacin da na matsa ƙa'idar domin ta kama ƙarya da yawa, sai gajerun VT na gaskiya, masu bugu biyar ko shida, su fara zamewa, tunda kafin igiyar jini ta nuna sauyi sun wuce. Na sassauta ta zuwa inda ba ta kashe gaskiya a rikodin koyo, na karɓi cewa ƙarya mai yawa za ta tsira. Wasu rikodin ma na dube su sau da yawa ban ga dalilin hukuncin da masu lakabi, wato ƙwararrun da suka tantance gaskiya da ƙarya a rumbun, suka ba su ba, na tara su domin likitan zuciya ya duba.

6 ga Mayu, 2025

Zaman da muka yi da likitoci da ma'aikatan jinya ya fito da abin da rumbun 2015 ba ya nunawa. Ƙararrawar da ta fi damunsu ba ta ƙarya ba ce. Gaskiya take faɗa, sai dai gaskiyar da ba ta buƙatar kowa ya tashi. Oksijin ya sauka zuwa kashi 89 cikin 100 na daƙiƙa kaɗan lokacin da ake zuƙe majina ya koma da kansa. Bugu ya haura iyaka lokacin da ake juya mara lafiya. Manhajata ba ta da abin yi a nan, domin na'urar ba ta yi kuskure ba, saitinta ne bai dace da mutumin da ke kan gadon ba.

Abu uku aka tattauna. Na ɗaya, iyakoki su bi mara lafiya. Mai tsohon ciwon toshewar huhu wanda likita yake so oksijin ɗinsa ya zauna tsakanin 88 da 92, idan aka bar masa iyakar 90, na'urarsa za ta wuni tana kuka a kan abin da aka nufa. Na biyu, ɗan jinkiri kafin ƙara. Matthias Görges da abokansa sun lissafa a 2009 cewa jinkirin daƙiƙa 14 zai kawar da rabin ƙararrawar da ake watsi da ita ko marar amfani a sashen da suka lura da shi, na daƙiƙa 19 kuma kashi 67 cikin 100. An yarda a gwada jinkiri a kan oksijin kaɗai, ban da tsayawar zuciya da VF da VT. Na uku, bugun ɗakunan ƙasa da ke zuwa kafin lokacinsa ɗaya-ɗaya, wanda a ƙididdigar Drew ya kai kusan kashi ɗaya bisa uku na dukkan ƙararrawa. Tun bayan gwajin CAST na 1989, wanda ya nuna cewa danne irin wannan bugu da wasu magunguna yana ƙara mace-mace, likitoci suka daina farautarsa, amma na'urori da yawa har yanzu suna shelarsa. Sashen zai mayar da shi saƙon allo marar sauti.

Wata likita ta ja hankalinmu kan sassauta iyakar oksijin ga kowa da kowa. A 2020 Michael Sjoding da abokansa sun nuna cewa na'urar yatsa takan nuna lamba mai kyau alhali oksijin na jini ya yi ƙasa, kuma hakan ya fi faruwa kusan ninki uku ga masu baƙar fata. Idan na'urar tana ƙara wa wasu maki, rage iyaka yana cinye ratar da ke kare su. Saboda haka ba a sauya iyakar asali ba, an bar sauyi a hannun likita, gado bayan gado, kuma a rubuce.

20 ga Mayu, 2025

An tambaye ni dalilin da ya sa ban miƙa komai ga manhajar da ke koyo da kanta daga misalai ba. Na gwada ta a kan VT, inda misalai 341 suka ba da ɗan abin kamawa, kuma ta taimaka wajen auna alamomin da na riga na fitar. A VF kuwa misalan gaskiya shida ne, kuma babu abin da za a koya daga shida sai haddace su. Can na tsaya a kan ƙa'ida: VF na gaskiya ba ya tafiya da bugun jini, don haka shaida na biyu yana aiki kamar yadda yake yi a tsayawar zuciya, da sharaɗin inganci iri ɗaya. Akwai kuma dalilin da ba na lissafi ba. Idan manhaja ta kashe ƙararrawa, dole in iya nuna wa ma'aikaciyar jinya a kan allo layin da ya musanta da kuma daƙiƙar da ya musanta.

9 ga Yuni, 2025

Kwamitin ɗa'a na asibitin ya amince da mataki na gaba, bisa sharaɗin cire sunaye da duk wata alamar da za a gane mutum da ita daga bayanan. Manhajar za ta zauna a gefe tana karɓar zanen na'urori tana rubuta hukuncinta a ɓoye, ba tare da ta kashe ko ta jinkirta ƙararrawa ko ɗaya ba. Mutum biyu za su yi wa kowace ƙararrawa lakabi, kowanne shi kaɗai kuma ba tare da ganin hukuncin manhajar ba, inda suka saɓa likitan zuciya ya raba. Wannan ya zama dole domin ƙa'idodina sun ga rikodi 750 ɗin nan har sun saba da su, kuma kyakkyawan maki a kansu ba ya nuna abin da zai faru da na'urori na daban da marasa lafiya na daban.

Za mu ƙirga ƙararrawa a kowane gado kowace rana kafin sauya faifai da bayansa, sannan kafin jinkirin oksijin da bayansa, kowane sauyi shi kaɗai, domin a san wanne ne ya yi aiki. Za kuma a riƙa bin duk wani kiran gaggawa da ya faru a sashen ana duba ko wani saiti da muka taɓa ya jinkirta ganewa.

Matsayin ƙa'idodin a yau shi ne, na tsayawar zuciya da jinkiri da VF sun shirya shiga gwajin ɓoye. Sauri mai tsanani yana nan yadda masana'anta ta bar shi. Na VT zai shiga gwajin shi ma, amma na rubuta wa kwamitin cewa ko sakamakonsa ya yi kyau, shawarata ita ce a fara da rage masa daraja daga ja, matakin da ya fi gaggawa, zuwa rawaya maimakon kashe shi. Abin da ya rage kafin a kunna shi ne daidaita agogon uwar na'urorin sashen da na kwamfutar da ke karɓar bayanai, domin a gwajin haɗi na makon jiya an samu tazarar daƙiƙoƙi tsakaninsu, kuma ƙa'idar da ke duba daƙiƙa 4 ba za ta jure wannan ba. Sashen injiniyoyin asibitin ya karɓi aikin.